Yawon Da Muka Kai Inna Kano

Shekarun baya, lokacin da abubuwa suka fi tsanani a wajenmu, ƙanina ya zo daga Kano da motarsa ya ce zai kwashe mu ya kai mu yawo, yara su ga birni, su shiga wurin wasa. Na dube shi na ce, mutanen da ke neman abin da za su sa a tukunya, su ne za ka kai hawan lilo? Ya yi dariya ya ce, "Ka gane ko, Yaya, hutu ma magani ne."

A lokacin mun baro ƙauyenmu can gefen Yasore saboda 'yan bindiga, mun tare cikin Batsari a wasu ɗakuna na aro. Ni da matata da yara, da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Gonata tana nan inda take, ba wanda ya ɗauke ta, amma zuwa wurinta sai wanda ya gaji da ransa. Ranar kasuwa nakan yi lodin buhuna a bayan a-kori-kura, sauran ranaku kuma in zauna ina zagin duniya.

Ƙanina shi ne ya yi karatu. Ni na ajiye makaranta tun ban yi nisa a sakandare ba, domin mahaifinmu ya rasu kuma dole wani ya riƙe fartanya. Shi ya wuce, ya samu aiki, ya gina gida mai famfo har cikin ɗaki. Ban ce ina masa hassada ba. Amma kada ku ce in rantse cewa "ka gane ko, Yaya" ɗin nan nasa yana min daɗi.

Kuma yawon nan ba yawo ba ne kawai, kowa ya sani. Inna yake so. Ya daɗe yana damuna a waya cewa in bar masa ita ta zauna Kano. Ni kuma na ce ina raye, ina da hannu da ƙafa, uwata ba za ta koma gidan ƙanina a ce babban ya gaza ba. Da gardamar ta ishe ta, sai ta ce, "Ku bar jana kamar akuyar gado. In tahi in gani da idona, in na gani ni faɗi inda za ni zamna." A kan haka aka shirya tafiyar.

Sai dai ni na shiga motar nan ne da sanyin jiki. Ni ɗan fari ne, kuma Inna irin mutanen da ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko ina zaune gabanta, matata take duba ta ce, "Ce ma mijinki kaza." In ta matsu ƙwarai, ni ne "wancan mai taurin kai". Ƙanina kuwa auta ne, sunansa a bakinta kamar waƙa. To in aka ce ta zaɓa, ku da kanku kun san inda na sa rai za ta nufa.

Da safe muka yi lodi. Inna ta haɗa guzuri kamar wadda za ta Makka a ƙasa: dambu cike da kwano, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwan zabi, fura, da butarta. Ƙanina ya ce, "Inna, akwai abinci a Kano fa." Ta ce, "Na Kanawa ne." Ya buɗe but ɗin motar.

Daga Batsari zuwa Katsina ba wanda ya ce uffan. Kowa idonsa na kan daji. In babur ya ɓullo daga nesa sai ka ji numfashi ya tsaya a motar har sai ya wuce, a ga ashe wani ne da buhun taki. Sai da muka bar Katsina a baya, muka miƙe hanyar Kano, sannan baki ya buɗe. Yara suka fara gardamar wanda zai zauna jikin taga, matata ta fara ɓare ƙwai, Inna kuma, da ke kujerar gaba, ta kama aikin duba gonakin mutane.

Damina ce, gero ya tasa. Ba gonar da ta wuce ba ta yanke mata hukunci ba. Wajen Charanchi ta ce, "Dubi wanga malalaci, ciyawa ta hi geron tsawo." Wajen Kankia ta ce, "Wanga kam ya san darajar taki, Allah shi mashi albarka." Ni abin da na gani daban ne. Na ga mata da yara can tsakiyar gona, nesa da titi, sun duƙa suna aiki ba mai ɗaga kai ya duba gabas ko yamma. Na ce a raina, Allah ya bar muku, mu ma da haka muke.

Kafin Bichi ƙaramar ɗiyata ta mayar da ƙwan zabin da ta ci a kan kujerar ƙanina, wadda ya sa wa sabuwar riga. Na yi ta ba shi haƙuri da baki. Cikina kuwa fari ƙal.

Mun shiga Kano da azahar. Ban taɓa ganin adaidaita sahu da yawa haka ba, kamar an buɗe musu akurki. Ƙanina ya hau da mu gadar sama, yara suka yi ta ihu suna nuna rufin gidaje. Daga nan ya gangara da mu wata hanya da ta nutse ƙarƙashin ƙasa. Inna ta kama ƙofar mota ta fara kalmar shahada. "Kai auta, da ranmu za ka turbuɗe mu?" Da muka ɓullo ɗaya gefen ta gyara mayafi ta ce ita dama ba tsoro ta ji ba, tunatarwa ce.

Tun daga nan na fara lissafi a zuciyata. Duk abin da ya ɓata wa Inna rai a Kano, nawa ne. Duk abin da ya burge ta, na ƙanina ne.

Ya kai mu wani ƙaton kanti mai sanyi kamar cikin randa, mai matakalar da ke tafiya da kanta. Na ce bari in nuna wa yara ba wani abu ba ne. Na ɗora ƙafa ɗaya, ta tafi da ita, ɗayar tana ƙasa tana jirana. Sai da wani bawan Allah ya tallafo ni ta baya. Matata ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, kuma na daɗe rabona da jin wannan dariyar, shi ya sa ban yi mata faɗa ba. Inna ta ƙi hawa. Ta ce matakalar da ba ta jiran babba ya gyara tsayuwa ba ta da tarbiyya.

A kantin nan duk wanda ta haɗa ido da shi sai ta gaishe shi. Ta fara da ina wuni, kafin ta kai ga ya iyali mutum ya yi gaba da kwandonsa. Ta ce, "Mutanen ga ana korarsu ne?" Na ce a raina, wannan nawa ne. Amma da muka isa gidan ƙanina ta murɗa famfo ruwa ya zubo, ta tsaya tana kallonsa, ta rufe, ta sake buɗewa. Matarsa ta shimfiɗa mata katifa mai taushi ƙarƙashin fanka. Na ce shi ke nan, an cinye ni.

Washegari da la'asar aka tafi wurin wasan. A bakin ƙofa suka ce ba a shiga da abinci daga waje. Inna ta ce to, ta koma bayan mota, ta dawo cikinta ya ƙara girma ƙarƙashin mayafi. Ba wanda ya isa ya laluba tsohuwa. Haka kwanon dambu ya shiga.

Ciki kuwa sai wanda ya gani. Kiɗa ta ko'ina, fitilu tun rana ba ta faɗi ba, lilo mai ɗaga mutum sama ya juya da shi, dawakan roba masu zagaye, ƙaramin jirgin ƙasa mai busa. Yarana suka tsaya cak sun riƙe hannun juna, sun kasa yarda cewa an yi duk wannan ne don yara kawai su yi wasa. Sai da ƙanina ya ɗauki ƙaramar ya ɗora kan doki sannan sauran suka saki jiki. Daga nan kuma kama su ya zama aiki.

Inna ta samu benci ta zauna. Kusa da ita wani ma'aikaci yana ba ciyawa ruwa da tiyo. Ta ce masa, "Yaro, mi kuka shuka nan?" Ya ce ciyawa ce, Hajiya. Ta ce, "Wa ka ci?" Ya ce ba kowa, ado ne. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Allah shi kyauta."

Sai ƙanina ya ja ni wurin wasu ƙananan motoci masu karo da juna. Na ce ni ba yaro ba ne. Ya ce, "Ko tsoro kake ji, Yaya?" To wannan maganar ce ta sa ni ciki. Aka nuna min inda zan taka. Da na fahimci cewa a nan an yarda ka nufi mutum ka buge shi kuma ba mai kai ka wurin hukuma, sai na nemo ƙanina. Jama'a, duk abin da na tara masa tun muna yara, a nan na sauke. Na buge shi ta baya saboda makaranta. Na buge shi ta gefe saboda famfo. Na matse shi a kwana saboda "ka gane ko". Hularsa ta faɗi, yana ihu yana dariya, "Yaya, wasa ne fa!" Na ce na sani, ni ma wasan nake. Da na waiga na hango Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Mun fito muna haki, muka taru wurin mai gugguru, Inna ma ta taso. Wani mai sayar da balan-balan yana tsaye gefe da tarinsa a sama, iska ta kaɗa su suka taɓa bakin tukunyar mai zafi. Wannan daga baya na sani. Abin da na ji a lokacin shi ne, ta-ta-ta-tau!

Mu a wajenmu an riga an koya. Ba a gudu da farko. Kwanciya ake yi, a saurari inda ƙarar ta fito, sannan a ja ciki. Ban yi tunani ba, jikina ne ya yi. Yarana suka zube kamar an yanke su, ba wanda ya yi kuka. Matata ta danne ƙaramar ta toshe mata baki. Inna kuwa, wadda sai an riƙe ta take shiga mota, ita ta fizgo rigata ta ƙarasa da ni ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙeyata ta danna. Kuma ta kira sunana. Sunana na yanka, da ƙarfi, ta ce in kwanta.

Muna kwance. Kiɗa bai tsaya ba. Jirgin yara ya yi busa ya wuce. Na ɗaga ido a hankali, sai ƙafafun mutane ta ko'ina, kowa a tsaye. Wani yaro yana lasar askirim yana kallona. Ƙanina riƙe da gugguru, baki buɗe. Mai balan-balan yana duban zaren da ya rage a hannunsa kamar zai yi kuka. Sai wani ya fara dariya, wasu suka kama.

Kunya ta rufe ni. Na yunƙura zan tashi in zagi Kano da mutanenta gaba ɗaya, sai na hango can kusa da layin jirgin, wasu ma suna ƙasa. Wata tsohuwa, da wani saurayi, da yara. Kwanciyarsu irin tamu sak, kai a ƙasa, hannu a kan yara. A duk filin nan mu da su ne kawai. Tsohuwar ta ɗago, Inna ta ɗago, suka dubi juna ta tsakanin ƙafafun mutane.

Tsohuwar ta ɗaga murya, "Ku na ina ne?"

Inna ta ce, "Yasore."

Ta ce, "Mu Babban Duhu, ƙasar Safana."

Sai su biyun suka fashe da dariya, suna kwance a ƙasa, har da hawaye. Masu yi mana dariya suka rasa abin yi, suka watse.

Tsohuwar Bafulatana ce. Ni ba na ɓoye magana, a shekarun nan ko sunan Fulani ba na son ji, duk na haɗa su na ɗaure a igiya ɗaya. Amma ga wannan, an kore musu shanu kaf, sun baro rugarsu da abin da ke jikinsu, ɗanta yana gadi a Kano, ya tara ɗan abin da ya samu ya kawo yara su ga lilo. Gwiwarta ta kurje daidai inda tawa ta kurje. Na rasa a wace igiyar zan sa ta.

Ranar Inna ta samu gaisuwar da take nema. Suka fara daga gajiya, suka bi ta iyali, da damina, da zaman baƙunta, da waɗanda aka rasa, ba wadda ta yi gaggawa. Aka shimfiɗa zane kan ciyawar adon nan, kwanon dambu ya fito fili. Ashe tsohuwar ta sha kawo nono kasuwar Batsari, har suna gardamar ko Inna ta taɓa saye a wurinta ta ce an tsula ruwa.

Can sai tsohuwar ta nuna ni da haɓa. "Wannan ne babban?"

Inna ta ce eh, ba ta dube ni ba.

"Na ji kin kira shi. Har can inda nake na ji."

"Ni? Ban kira kowa ba."

"Na dai ji."

"Tsuhwa ce, 'yar'uwa. Kunne ka ruɗin mutum."

Tsohuwar ta yi murmushi ta ɗebi dambu. Ni kuma na sunkuya ina duban gwiwata kamar wani babban rauni ne.

Da na ɗago ne na lura da hannun Inna. Tana dariya, tana hira, amma dambun da ta ɗebo yana zubewa tsakanin yatsunta. Gwiwar hannunta ta fashe, tana jan mayafi tana rufewa. Na nemi ƙanina ban gan shi ba. Na same shi bayan rumfar mai gugguru yana share ido da hularsa. Ya ce, "Yaya, haka kuke?" Na ce haka muke.

Da rana ta yi sanyi, yara sun gaji sun zube jikin uwarsu, baƙin sun yi sallama bayan an yi kwatancen unguwa, ƙanina ya durƙusa gaban Inna. Ya ce, "To Inna, kin gani. Me kika ce?"

Ta gyara zama. Ta dubi matata ta ce, "Ce ma mijinki shi shirya, gobe mu koma gida."

Kun ji fa. Ni ta zaɓa. Abin da na zo nema ke nan, a gaban auta, a garinsa, bayan famfo da fanka da katifa. Ya kamata in tashi in taka rawa. Amma na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, "Inna, ki zauna."

Ta ce, "Wa ya tambaye ka?"

Na ce, "Ba wanda ya tambaye ni. Amma yau balan-balan ce. Can in kin kwanta, ba balan-balan ba ce, kuma ba ni da abin da zan tare miki. Ki zauna nan. Abin da za a faɗa a Batsari, ni za a faɗa wa."

Inna ta tsaya tana kallon lilon nan yana hawa yana sauka. Ƙanina ko motsi bai yi ba. Sannan ta juya wurin matata ta ce, "Ce mashi taurin kan ubanshi ya ɗauko, bai bar komai ba." Ta ƙara da cewa ita ba za ta ci tuwon garin kanti ba, sai a riƙa aiko mata da geron gida, kuma auta ya san yadda zai riƙa kai ta wurin ƙawarta ta Babban Duhu. Ƙanina ya ce ya ji ya ɗauka. Ni ma na ce na ɗauka, ko da a lokacin ban san inda zan samo geron ba.

Washegari ya mayar da mu. Ni na zauna kujerar gaba. Duk hanyar ba wanda ya yanke wa gonar kowa hukunci, sai na ga tafiyar ta yi tsawo.

An yi maganar kuwa. Har a wurin lodi wani ya ce min, ashe ka kai tsohuwa ajiya. Na ce eh, na kai, kai ina ka ajiye taka? Har yau in na tuna cewa ni ne babba amma a gidan ƙanina uwata ta samu barci, abin yana min ciwo, ba zan yi muku ƙarya ba. Ban zama mutumin kirki don na je wurin wasa ba. Abin da na gane kawai shi ne, na daɗe ina kiran abin nan riƙon uwa, alhali rabinsa tsoron bakin mutane ne. Kuma bakin mutane bai taɓa kwanciya a ƙasa tare da mu ba.

Inna tana nan Kano, ta yi ƙiba, ta koya wa duk layin gaisuwa ko suna so ko ba sa so. Zuwana na baya da na kai mata gero, muna zaune tsakar gida tana tsince wake, sai tayar wata mota ta fashe a bakin titi. Ƙara ce mai ƙarfi. Inna ko ɗagowa ba ta yi ba, tsaki kawai ta ja. Ni kuwa sai ganina aka yi rabin jikina ƙarƙashin kujera.

Ta leƙo ta dube ni, ta dubi matar ƙanina, ta ce, "Ku ba baƙon ga ruwa. Daga ƙauye yake."